Kimiyyar Farin Ciki

Kimiyyar farin ciki fanni ne na bincike da ke nazarin abin da ke sa mutum ya ji daɗin rayuwarsa, ya gamsu da ita, kuma ya ga tana da amfani. Fannin ya haɗa masana halayyar ɗan Adam da na tattalin arziki da na zamantakewa da kuma likitoci. Abin da ya bambanta shi da nasihar dattawa ko muhawarar masu falsafa shi ne dogaro da awo: ana yi wa dubban mutane tambayoyi, a bi rayuwarsu shekara da shekaru, sannan a kwatanta amsoshinsu da halin da suke ciki. Masana sun kasa abin da suke aunawa gida uku: jin daɗi ko ɓacin ran yau da kullum, hukuncin da mutum ke yanke wa rayuwarsa gaba ɗaya, da kuma ganin cewa rayuwar tana da manufa. Waɗannan ukun suna da alaƙa, amma ba kullum suke tafiya tare ba.

Asali da tarihi

Tambayar ta daɗe. Aristotle, masanin falsafar Girka da ya rasu a shekara ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya koyar da cewa rayuwa mai kyau tana samuwa ne ta aikata nagarta tsawon rai. A duniyar Musulunci, Al-Farabi ya rubuta Tahsilus Sa'ada, Imam Al-Ghazali kuma, wanda ya rasu a 1111, ya rubuta Kimiya'us Sa'ada da harshen Farisanci, inda ya danganta jin daɗi na haƙiƙa da sanin kai da sanin Allah da tsarkake zuciya.

Awo na zamani ya soma ne a ƙarni na 20. A 1965 Hadley Cantril ya fito da tambayar tsani, wadda za a bayyana a ƙasa, a 1984 kuma Ed Diener ya wallafa maƙalar da ta tsara fannin a matsayin abin da za a iya bincika ta hanyar kimiyya. Babban sauyi ya zo a 1998, lokacin da Martin Seligman ya shugabanci ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka. Ya yi ƙorafin cewa fannin ya mai da hankali kacokan kan cutukan ƙwaƙwalwa, ya bar nazarin abin da ke sa lafiyayyen mutum ya bunƙasa. A 2000 shi da Mihaly Csikszentmihalyi suka gabatar da sabon reshe mai duba ƙarfin ɗan Adam da kyawawan halayensa.

Yadda ake awo

Tambayar tsani ita ce aka fi amfani da ita. Ana cewa mutum ya ƙaddara tsani mai matakai daga 0 zuwa 10, saman shi ne rayuwa mafi kyau da zai iya samu, ƙasan kuma mafi muni, sai ya faɗi matakin da yake kai yanzu. Akwai kuma ma'aunin gamsuwa mai jimloli biyar da Diener da abokan aikinsa suka fitar a 1985. Don auna jin daɗin yau da kullum, ana tambayar mutum ko ya yi dariya ko fushi ko damuwa jiya, ko a riƙa aika masa saƙo ta waya a lokuta dabam-dabam yana faɗin yadda yake ji a daidai lokacin.

Gado da sabo

Binciken tagwaye, ciki har da wanda David Lykken da Auke Tellegen suka wallafa a 1996, ya nuna cewa gado yana da hannu. Nazarce-nazarcen baya-bayan nan sun kimanta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na bambancin da ke tsakanin mutane yana da nasaba da ƙwayoyin halitta. Sauran ya rataya ne a kan muhalli da abin da ya sami mutum da abin da yake aikatawa.

Ɗan Adam kuma mai saurin sabo ne. A 1978 Philip Brickman da abokan aikinsa suka tattauna da mutum 22 da suka ci maƙudan kuɗi a caca da wasu 29 da haɗari ya shanye wa jiki. Masu kuɗin ba su ɗara sauran mutane farin ciki sosai ba, waɗanda suka nakasa kuma, ko da yake farin cikinsu ya ragu, bai ragu yadda aka zata ba. Sai dai dogon bincike da aka yi a Jamus daga 1984 ya nuna cewa sabo yana da iyaka. Rashin aikin yi, da mutuwar miji ko mata, da nakasa mai tsanani kan bar tabo na shekaru, wani ma ba ya komawa yadda yake a da.

Kuɗi

Talauci yana rage jin daɗin rayuwa, wannan babu jayayya a kansa. Inda aka yi saɓani shi ne abin da ƙarin kuɗi ke yi bayan an wadatu. A 1974 Richard Easterlin ya lura cewa a cikin ƙasa ɗaya masu hali sun fi talakawa gamsuwa, amma bunƙasar arzikin Amurka cikin shekaru bai ɗaga farin cikin jama'arta daidai da shi ba. Ɗaya daga cikin dalilan da aka bayar shi ne mutum yana auna kansa ne da maƙwabcinsa. A 2010 Daniel Kahneman da Angus Deaton suka ruwaito cewa a Amurka jin daɗin yau da kullum yana daina ƙaruwa idan samun shekara ya kai wajen dala 75,000. Matthew Killingsworth ya ƙalubalanci wannan a 2021, kuma a 2023 shi da Kahneman suka sake duba alƙaluman tare. Suka tarar cewa ga yawancin mutane jin daɗi yana ci gaba da hawa tare da samu, tsayawar tana faruwa ne ga rukunin da ya fi kowa ƙunci. Yadda ake kashe kuɗin ma yana da tasiri: gwajin Elizabeth Dunn da abokan aikinta na 2008 ya nuna cewa waɗanda suka kashe wa wani sun fi waɗanda suka kashe wa kansu jin daɗi.

Zumunci

A nan ne hujjoji suka fi ƙarfi. Tun 1938 Jami'ar Harvard take bin rayuwar maza 724, ɗalibanta 268 da samari 456 daga unguwannin talakawa na birnin Boston, daga baya aka haɗa da matansu da 'ya'yansu. An duba lafiyarsu, an bi aurensu da aikinsu har tsufa. Robert Waldinger, mai jagorantar binciken, ya bayyana cewa ingancin dangantaka da iyali da abokai ya fi dukiya da suna nuna wanda zai tsufa cikin lafiya da kwanciyar hankali. A 2010 Julianne Holt-Lunstad ta tattara bincike 148, ta gano cewa masu ƙaƙƙarfar alaƙa da mutane sun fi waɗanda suka kaɗaita yiwuwar tsawon rai da kusan kashi 50 cikin ɗari. Abin da ake dubawa shi ne ko mutum yana da wanda zai jingina da shi ranar wuya, yawan sanayya kawai ba ya wadatarwa.

Manufar rayuwa

Viktor Frankl, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ostiriya da ya tsira daga sansanonin 'yan Nazi, ya wallafa littafi a 1946 yana mai cewa wanda ya san dalilin rayuwarsa ya fi jure wahala. Csikszentmihalyi ya yi nazarin nutsewar da mutum kan yi cikin aikin da ya ƙware a kai har ya manta da lokaci. A 2011 Seligman ya jera ginshiƙai biyar na rayuwa mai kyau: jin daɗi, nutsewa cikin aiki, dangantaka, manufa, da cim ma buri. Shigehiro Oishi da Diener kuma sun ruwaito a 2014 cewa mutanen ƙasashe matalauta, duk da ƙarancin gamsuwarsu, sun fi na ƙasashe masu arziki cewa rayuwarsu tana da ma'ana, kuma riƙo da addini shi ne babban abin da ya bayyana wannan bambancin.

Matakin ƙasashe

Ƙasar Bhutan ta sanya farin cikin al'umma cikin tsarin mulkinta na 2008. A 2012 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 20 ga Maris a matsayin ranar farin ciki ta duniya, a shekarar ce kuma aka fara fitar da rahoton farin ciki na duniya, wanda ya dogara da ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup. Rahoton yana bayyana bambancin ƙasashe da abu shida: samun kuɗi, samun mai taimako, tsawon rai cikin lafiya, 'yancin zaɓi, kyauta, da yadda jama'a ke ganin cin hanci. Finland ta riƙe matsayi na farko daga 2018 zuwa 2025. Najeriya misali ce ta yadda sakamako ke bin tambaya: a 2003 mujallar New Scientist ta ruwaito wani bincike da ya sa ta gaba wajen yawan masu cewa suna cikin farin ciki ƙwarai, alhali a ma'aunin tsani tana wajen ta ɗari a 'yan shekarun nan.

Suka

Ana sukar fannin ta fuska huɗu. Na farko, yawancin gwaje-gwajen a kan mutanen Turai da Amurka aka yi su. Na biyu, al'ada tana shafar amsa: a ƙasar Hausa, alal misali, ladabi ne wanda aka tambaya lafiya ya amsa da godiya ko da yana cikin matsi. Na uku, ganin abu biyu tare ba ya tabbatar da wanne ya haifar da wanne, domin mai yiwuwa fara'ar mutum ce ta jawo masa abokai. Na huɗu, dabarun da ake tallatawa, irin su rubuta abubuwan godiya, tasirinsu ƙarami ne, kuma ba sa maye gurbin magani ga mai ciwon damuwa ko gyaran tattalin arziki ga mai fama da yunwa.

Duk da haka, binciken da aka yi ta hanyoyi dabam-dabam ya haɗu a kan abu huɗu: rufin asiri, lafiya, mutanen da za a dogara da su, da aikin da mutum ke ganin yana da amfani. Inda waɗannan suka samu, gamsuwa da rayuwa tana ƙaruwa a kusan kowace ƙasa da aka auna.