Waya ko kyamara: wacce za a riƙe ranar biki da suna?

 Duk lokacin da kaka ta yi, bukukuwa suka kankama, tambaya ɗaya ce ke yawan zuwa mana: tunda kowa na da waya mai ɗaukar hoto a aljihu, akwai sauran amfanin kiran mai hoto da kyamararsa? Na waje kuma su ce: ƙanena na son fara sana'ar hoto, waya zan aiko masa ko kyamara? To ga bayanin da muka tattaro, don kowa ya san abin da zai kashe kuɗinsa a kai.

Daga fim zuwa waya

Dattawanmu na tuna zamanin fim, lokacin da mai hoto zai ɗauka ya kai wanki birni, a yi kwanaki kafin mutum ya ga fuskarsa. Da irin wannan aiki Philippe Koudjina ya yi suna a Yamai a shekarun 1960 da 1970, kamar yadda Malick Sidibé ya yi a Bamako. Hotunansu na nan har yau, ana baje kolinsu a ƙasashen duniya.

Kyamarar da ba ta buƙatar fim kuwa, wani injiniyan kamfanin Kodak na Amurka, Steven Sasson, shi ya fara haɗa ta a 1975. Nauyinta ya haura kilo 3, hotonta baƙi da fari ne, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto guda. Wayoyi masu kyamara sun fara fitowa a Japan a 1999 da 2000, daga nan kasuwa ta juya. A 2010 manyan kamfanonin kyamara sun fitar da kimanin guda miliyan 121, amma a 2023 ba su kai miliyan 8 ba. Ƙananan kyamarorin aljihu su suka fi shan kashi. Manya masu canza gilashi, irin na masu sana'a, su ma sun ragu, amma suna nan har yau, kuma akwai dalili.

Girman allon haske

Hoto dai haske ne. A cikin waya da kyamara duka akwai wani ɗan allo a bayan gilashi, shi ke karɓar hasken ya mayar da shi hoto. Mu ɗauki misalin ruwan sama, tunda mu mutanen Gaya ba baƙinsa ba ne. Ka ajiye moɗa da masaki a tsakar gida. In an yi ruwa mai ƙarfi, duka biyun za su tara. In yayyafi ne kawai, masaki zai samu abin kirki, moɗa kuwa sai ɗigo.

Allon yawancin wayoyin da ke hannunmu moɗa ne: wajen milimita 6 a tsawo, 4 ko 5 a faɗi, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Na matsakaitan kyamarorin Canon ko Nikon yana kai milimita 23 da 15, wato ya ninka na waya fiye da sau 10. Na manyan ƙwararru kuwa milimita 36 ne da 24, ya ninka shi wajen sau 30. Shi ya sa da rana tsaka ba ka cika ganin bambanci ba, hasken ya ishi kowa. Amma bayan magariba, ko a cikin ɗakin amarya mai ƙwan lantarki ɗaya, hoton waya sai ya fito yashi-yashi, fuskoki kamar an shafa musu mai.

Waya na da dabarar rufe wannan giɓi. Idan ka danna, hotuna da yawa take ɗauka a jere cikin ƙiftawar ido, ta haɗe su ta gyara. Dabarar na aiki sosai in mutum na tsaye cik. In yana rawa, ko yaro ne mai guje-guje, sai hoton ya yi jirwaye. Wayoyin Tecno, Itel da Infinix da suka cika kasuwannin Gaya, Malanbil da Kamba, duka na kamfanin Transsion ne na ƙasar Sin, wanda aka san shi da daidaita kyamarorinsa su fitar da baƙar fata da kyau. Wannan ci gaba ne, amma bai ƙara wa allon girma ba.

Maganar megapiksal

Mai sayar da waya zai ce maka wannan megapiksal 50 ce, waccan 108. Kada a rikita shi da megan intanet. Megapiksal ɗaya na nufin ɗigo miliyan ɗaya da suka haɗu suka yi hoton. Yawan ɗigo a kan ƙaramin allo bai ƙara hasken da ke shiga. Hasali ma yawancin wayoyi masu 50 haɗe ɗigo huɗu-huɗu suke yi, hoton ya fito a 12 da rabi. Kuma hoton da muka saba wankewa, mai santimita 10 da 15, megapiksal 2 ma sun ishe shi. Saboda haka tsohuwar kyamara mai 18 tana iya kayar da sabuwar waya mai 108 a hoton dare.

Inda kyamara ta yi fice

Na farko duhu, kamar yadda muka faɗa. Fitilar waya ba ta wuce ƴan taku, amma filashin da ake ɗora wa kyamara na haska taro guda.

Na biyu nesa. A filin kokawa ko wajen wa'azi, gilashin kyamara na jawo mutum kusa da gaske. Waya kuwa, in ka buɗa yatsu biyu a kanta, yanko tsakiyar hoton kawai take yi ta kumbura shi, shi ya sa yake dusashewa. Sai dai ƴan wayoyi masu tsada da ke da gilashi na musamman na jawo nesa.

Na uku motsi: ɗan kokawa a sama, doki a guje, ƴan mata na rawa. Na huɗu babban hoton da za a rataya a bango.

Sai hoton takarda, na katin ɗan ƙasa, fasfo ko jarrabawa. Gilashin waya mai faɗin gani ne, in aka matso da shi kusa da fuska sai hanci ya yi girma, kunnuwa su ja baya. Galibi santimita 3 da rabi da 4 da rabi ake nema, amma a tambayi ofishin tukuna. Shawararmu a je wurin mai hoto. In dole sai da waya, a ja baya kamar taku biyu, a tsaya gaban farin bango a inuwa mai haske.

Inda waya ta yi fice

Tana aljihu kullum, kuma a take ake aikawa. Manomin da ya ga tsutsa a ganyen shinkafa ko rake zai ɗauka ya tura wa malamin gona kafin ya bar fadama. Wanda aka aiko wa kuɗin gini zai nuna wa mai aikowa inda aiki ya kai. Jaririn da aka haifa da asuba, kawunsa na Abijan zai gan shi kafin hantsi. Kyamara ba ta wannan sai an bi ta kwamfuta ko waya.

Ga kuma ɗawainiya. Ƙurar hunturu na shiga kyamara duk sanda aka cire gilashi, laimar damina na sa gilashin ya yi fumfuna, kuma in ta lalace da wuya a samu mai gyara kusa, sai an kai ta babban birni. Waya kuwa ko a kasuwar mako akwai mai dubawa.

Duk wadda ke hannunka, abu uku na gyara hoto kyauta: goge gilashin da ƙyalle mai laushi, sa haske ya faɗa kan fuskar mutum, rana na bayanka kai mai ɗauka, sannan ka riƙe da hannu biyu.

Aikawa da adanawa

Nan ne aka fi tafka asara. WhatsApp na matse hoto don ya yi saurin tafiya, kuma in aka wanke mataccen hoto ba ya kyau. Tun 2023 akwai alamar HD da ake dannawa kafin a tura. Wanda ya fi shi ne a tura hoton ta wurin tura takardu, mai suna Document, ya isa yadda aka ɗauke shi. Ya fi cin mega, amma na wanki ya cancanta. Ƴan uwa na waje, in za ku wanke hoton gida, ku nemi a turo muku ta haka.

Sai adanawa. Mu nawa ne muka rasa hoton iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya saboda waya ta faɗa kogi wajen shiga kwale-kwale, ko an sace ta a kasuwa, ko an goge ta wajen gyara? Hoton fim na shekara hamsin na nan cikin akwati, na bara kuwa ya bi waya. Mai adireshin Gmail na da giga 15 kyauta, yana iya ajiye hotuna a Google Photos, amma ya rubuta lambar sirrinsa a takarda ya ɓoye. A kwafa a katin memori na biyu, a tura wa ɗan uwa amintacce. Mafi muhimmanci, a zaɓi guda biyar ko goma na kowane biki a wanke su. Da-na-sani ƙeya ce.

A kuma nemi izini kafin a ɗauki mutum, musamman mata a cikin gida, kada a watsa hoton kowa a Facebook bai sani ba. Mu da ke bakin iyaka, a kiyaye ɗaukar gada, shingen jami'an tsaro ko motocinsu.

Ga mai son shiga sana'ar

In hoton gida ne da gaisuwa, waya ta wadatar. In biki ne na dare, ko hoton da ake son jikoki su gani, a kira mai kyamara, kuma a yi ciniki da shi har da wanki da ba da hotunan asali.

Wanda zai aiko wa ƙanensa kayan sana'a, kyamara ta hannu mai lafiya ta isa a fara. A haska gilashinta da tocila a duba fumfuna ko ƙarzuwa, a tambayi adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, domin kyamara na ƙirga su kamar yadda mota ke ƙirga kilomita. Kada kuɗin ya ƙare a kanta ita kaɗai: a bar na filashi, batir na biyu, katin memori biyu da jaka mai hana ƙura. Kafin kayan su iso, yaron ya je ya zauna wurin tsohon mai hoto ya koyi haske da tsayar da mutane, yana gwadawa da wayar da ke hannunsa.

Mai sauran tambaya ya aiko mana, za mu amsa a shirinmu na gaba in Allah ya kai mu.