Dattijuwa da Dokin Ƙarfe a Ƙasar Gumel

Ranar Alhamis, lokacin da kasuwar Maigatari ke ci, kekuna kan shigo gari ɗauke da buhunan riɗi da zoɓo, da jarkoki, wani lokaci har da akuya ɗaure a baya. Da wuya a ga babbar mace a kan sirdi. Akan ce al'ada ce, kuma akwai gaskiya a zancen. Sai dai akwai wani dalili da ba a cika ambata ba, wanda yake jikin keken kansa: irin keken da ya shigo ƙasar Gumel ya zauna, ba a ƙera shi da tunanin mai zani ba.

Keke ya bazu a ƙasar Hausa ne tare da cinikin gyaɗa. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, reshenta da ya ratsa Gagarawa kuma ya kai Nguru a 1930. Manomin da kaka ta yi wa kyau yakan koma gida da Raleigh, ƙirar Nottingham ta Ingila. Daga baya Phoenix na Shanghai ya zo da siffa iri ɗaya a farashi mai sauƙi. Baƙi ne, mai taya inci 28, nauyinsa ya kusa kilo 20, ga sanda miƙe daga ƙarƙashin sirdi zuwa kan keken. Wannan sanda ita ce ƙarfinsa, don ita ke hana shi lanƙwasa ƙarƙashin buhu, a kanta kuma ake ɗora yaro. Amma mai hawa sai ya wurga ƙafa ta baya ya tsallake sirdi. Yara sun samo dabarar zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar su tuƙa a karkace. Mace 'yar shekara sittin mai ciwon gwiwa ba ta da hanyar yin ko ɗaya, kuma in keken ya karkata, sandar ce za ta hana ta dira.

Turawa sun ci karo da wannan matsala tun farko. A 1885 John Kemp Starley ya fitar da Rover a Coventry, keken da sarƙa ke juya tayarsa ta baya, wanda dukkan kekunan yau suka gaji siffarsa. A 1888 John Dunlop ya ƙara masa tayar iska. Matan lokacin dogayen riguna suke sawa har idon sawu, don haka maƙera suka saukar da sandar ƙasa, suka yi wa sarƙa murfi, suka ɗaura raga a gefen tayar baya don kada tufa ta shige. Abin da ake kira keken mata ke nan. Doguwar tufa aka yi shi dominta, kuma zani da hijabi ba su fita daga wannan lissafi ba.

Wadda ta fi shahara cikin dattijan da suka gwada shi ita ce Frances Willard, shugabar ƙungiyar matan Amurka masu yaƙi da shan giya. Tana da shekara 53, lafiyarta ta raunana, ƙawarta Lady Henry Somerset ta ba ta keke a Ingila. Ta raɗa masa suna Gladys. Kimanin wata uku ta yi tana koyo, minti goma sha biyar ko makamancin haka a rana, mutane na riƙe da ita, kafin ta tafi ita kaɗai. A 1895 ta rubuta ɗan littafi a kai. Akwai wani abu a labarinta da ya kamata masu saya wa iyayensu keke su sani: kafin wannan, ta taɓa faɗowa daga keke mai ƙafa uku ta ji mummunan rauni a gwiwar hannu. Ana ɗaukar mai ƙafa uku ya fi aminci, alhali a kwana ko a hanya mai gangare gefe guda, kifewa yake yi ba gargaɗi.

To, wanne ya dace da dattijuwar Sule Tankarkar ko Gagarawa? Wanda ba shi da sandar sama, da farko. Sai taya inci 24 ko 26 maimakon 28, domin sirdi ya sauko har tafin ƙafafunta biyu su taka ƙasa tana zaune. Kan keken ya lanƙwaso wajenta, ta zauna a miƙe ba tare da nauyinta ya faɗa kan wuyan hannu ba. Sirdi mai faɗi da ƙarfen lilo a ƙasa ya fi mai tulin soso, wanda ke lotsewa ya matse jiki. Kekunan gwanjo na Japan masu kwando a gaba sun cika yawancin waɗannan sharuɗɗa, har da murfin sarƙa.

Aibinsu ɗaya ne, ƙasar Gumel kuma ba ta yafe shi: don kwalta aka yi su. Siririyar taya nutsewa take cikin rairayi, ta fizge kan keken daga hannun wanda bai ƙware ba. Taya mai faɗi da aka ɗan rage wa iska ta fi tafiya a kan yashi, ko da yake tsidau ba ya barin kowace iri, don haka mai faci na kusa yana cikin lissafin saye. A gwada birki ma: in yatsunta ba su iya damƙe shi cikin sauƙi, a bar keken.

Hanyar koyo kuwa ta girmi feda. Abin hawan da Karl Drais ya ƙera a Mannheim ta Jamus a 1817 ba shi da feda sam, da ƙafa ake tura shi. Haka masu koyar da manya suke yi yau: a kwance feda biyu, a sauke sirdi, ta riƙa turawa a kan dandaryar ƙasa har ta fara ɗage ƙafafu da kanta, sannan a mayar da su. A Wagadugu da Tamale, inda mata masu zani suke kai kaya kasuwa a keke, da goyo a baya, mafi yawan kekunan da suke hawa marasa sandar sama ne.