Daga Kasko Zuwa Hita: Tarihin Neman Ɗumi a Zangunan Ikko

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san martabar kasko a lokacin hunturu. Da almuru sai a kwaso garwashi daga murhu, a aje tsakiyar ɗaki, yara da tsofaffi su kewaye shi suna jin ɗumi. Kakanninmu ba su wahalar da kansu wajen ɗumama ɗaki duka ba, jikin mutum suke nufa. A wannan ɗan rubutu za mu bi sawun wannan hikima zuwa Ikko, mu ga yadda ta kasance bayan zuwan wutar lantarki.

Hausawa a Garin Gumi

Bayan da layin dogo ya haɗa Ikko da Kano a 1912, fatake da 'yan goro suka yawaita a Agege, daga bisani kuma mutanenmu suka cika Idi-Araba ta Mushin. Sun tarar da gari mai gumi, inda jaura ba ta fasa kaushi. Saboda haka neman ɗumi ya koma neman ruwan zafi: na mai shayi da asuba, da na wankan jego na kwana arba'in, ga shi kuwa itace sai an saya.

Lantarki kuwa ya riga jirgin ƙasa. An kunna shi a Ikko tun 1896, aka buɗe tashar Ijora a 1923, madatsar ruwa ta Kainji ta biyo baya a 1968, sannan aka kafa hukumar NEPA a 1972. Da wuta ta shiga gidajen haya, sai muka san hita, wato ƙarfen nan da ake tsomawa cikin bokiti. Ta hanyar kasuwannin Ikko, irin su Alaba, muka kuma san 'yar'uwarta ta ɗumama ɗaki, wadda kasuwarta ke ci a Arewa idan sanyi ya kama.

Wace Hita Ce Ta Fi Tattali?

Asalin dukkansu ɗaya ne. Wajen 1841 wani masani ɗan Ingila, James Joule, ya bayyana yadda waya ke yin zafi idan wuta ta bi ta cikinta. A 1906 kuma Albert Marsh na Amurka ya sami hakkin mallakar wata waya da ke yin ja ba ta narke ba. Irinta ce a cikin hita da dutsen guga har yau.

Abin lura shi ne, kowace hita irin wannan tana mayar da duk wutar da ta ci ta zama zafi. Mai wat 2000 yunit biyu take ci a awa, kowane suna ne a jikin kwalinta. Bambancin yana ga inda zafin ya tafi. Mai fanka iska take ɗumamawa da sauri, amma da an buɗe ƙofa ɗumin ya fice. Mai mai a cikinta tana jinkirin ɗaukar zafi, tana jinkirin hucewa, don haka ta dace da rufaffen ɗakin kwana. Mai jan ƙarfe kuwa jikin wanda ke gabanta take gasawa kai tsaye. Ita ce jikar kasko, kuma ita ta fi araha ga mutum ɗaya a babban ɗaki. Wadda ta fita zakka ita ce na'urar sanyaya ɗaki mai juyawa, domin ba ta ƙirƙirar zafi, jawo shi take daga waje, har takan ba da ɗumin kimanin yunit uku a kan yunit ɗaya.

Ranar da Mita Ta Zo

Shekara da shekaru wannan lissafi bai dame mu ba, domin yawancin gidajen haya kuɗin ƙiyasi ake kawo musu, a raba wa kowane ɗaki. Wanda ya bar hita tana tafasa ruwa har ya ƙone da wanda ya yi tattali, duk kuɗinsu ɗaya. A Nuwamba 2013 aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu, mitar kati ta ci gaba da yaɗuwa. A Afrilu 2024 aka kai kuɗin yunit naira 225 ga masu rukunin farko. A farashin wancan wata, tafasa bokiti mai lita 20, wanda ke cin kusan yunit biyu, ya kusa naira 400. Maijego kuwa safe da yamma take wanka, kwana arba'in. Nan ne maigida ya gane cewa rufe bokiti da murfi ma dabara ce.

Kammalawa

Ba muna kira a koma ga kasko ba ne, domin garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba a gani, kuma ya sha haddasa gobara. Abin da ya kamata mu riƙe shi ne hikimar da ke bayansa: a kai zafi inda ake bukatarsa, gwargwadon bukata, a kashe idan an gama. Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abin da mita ke koya mana yau da tsada a Mushin da Agege, kakanninmu sun san shi tun suna zaune a gindin kasko.