Kwamfutar da Ta Ƙi Tashi: Tarihin Masu Haɗa Inji a Jos

Jos gari ne da ya saba da inji tun yana ƙarami. Haƙar kuza ce ta bunƙasa shi a farkon ƙarni na 20, ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso yankin a 1914, sannan a 1929 aka kafa kamfanin NESCO, wanda ya riƙa samar wa wuraren haƙa lantarki daga ruwan Kurra. Inda inji ya yi yawa kuwa, mai gyara ba ya rasa na cefane. Makanikan Dilimi da masu naɗin waya da masu gyaran rediyo duk wannan zamanin ne ya haife su. Da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, haƙa ta ja baya, amma hannun gyara bai bar garin ba.

A farkon shekarun 1990 kwamfuta kayan banki ce da jami'a da manyan ofisoshi. Sabuwa dal irin ta IBM ko Compaq ta fi ƙarfin ƙaramin ɗan kasuwa. Mafita ita ce haɗawa da hannu: a sayo madabod da furosesa da ram da akwati daga kasuwar Otigba da ke Ikeja a Legas, a kwana a mota da su, a zo a ɗaura a shagunan kewayen Taminus da titin Ahmadu Bello. Masu saye kuwa ga su nan, daga masu buga wa ɗaliban jami'a takardun kammala karatu zuwa masu shagunan intanet da suka yawaita bayan shekarar 2000.

A nan ne ake gane gwani. An gama ɗaure sukurori, mai kaya yana tsaye da kuɗinsa a aljihu, an danna maɓalli, sai shiru. Yaron shago ya ce, "Maigida, ta ƙi tashi." Maigida ba ya fara taɓa komai. Tambayarsa ta farko ita ce ko fanka ta juya, ta biyu kuma ko an ji kuka. Tun kwamfutar IBM ta 1981, inji yana binciken kansa kafin ya nuna komai a allo, kuma da 'yar tsuwa yake ba da rahoto. Gajeriya ɗaya, lafiya lau. A madabod masu BIOS (manhajar da ke wannan binciken) na kamfanin Award, doguwa ɗaya da gajeru biyu na nufin katin hoto ne bai zauna ba. Idan ta yi ta kuka ba ƙaƙƙautawa, yawanci ram ce: a zare ta, a goge haƙoranta da abin goge fensir, a hure ƙurar ramin, a mayar har sai ta ce ƙas.

Idan babu ko tsuwa, sai a koma kan wuta. Tsoffin akwatuna na da filogi biyu masu kama da juna, kuma duk ɗan koyo ya haddace ƙa'idarsu, wato baƙaƙen wayoyi su haɗu a tsakiya, in ba haka ba madabod ta ƙone. Da tsarin ATX na kamfanin Intel ya fito a 1995, sai aka samu dabarar gwada fawa-fak, na'urar da ke ba inji wuta, shi kaɗai, ta hanyar haɗa koriyar waya da baƙa da guntun ƙarfe a ga ko fankarsa za ta juya. Furosesar Pentium 4 kuma ta zo da wani ƙaramin filogi mai baki huɗu na ciyar da furosesa, wanda mantawa da shi ya sa an yi wa lafiyayyun madabod da yawa ƙazafin lalacewa. In duk wannan bai yi ba, sai a fito da madabod daga akwati, a ɗora ta kan kwalinta, a cire komai sai furosesa da ram ɗaya, a riƙa mayar da saura ɗaya bayan ɗaya har mai laifi ya tona kansa.

Kayan gwanjo na da nasu tarkon. Na Amurka kan zo da ɗan jan makunni a baya a kan 115, alhali wutar Najeriya 230 ce. Wanda ya jona bai duba ba, ƙara da hayaƙi ne ladansa. Ga kuma hunturun Jos, mai ƙura da bushewar iska, lokacin da 'yar wutar da ke taruwa a jikin mutum kan iya kashe ram ba tare da an ga alama ba. Shi ya sa masu hankali ke dafa ƙarfen akwati kafin su ɗauki kowane sashe. (Abin liƙin da ke riƙe da sassan madabod ma galibinsa kuza ne, ƙarfen da ya gina garin.)

Jami'ar Jos, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1975, ta taka tata rawar. Wani Ba'amurke, Cliff Missen, ya koyar a can a 1999, ya ga wahalar samun intanet, ya koma Jami'ar Iowa ya kafa shirin WiderNet a 2000. Shirin ya yi ta aiko da gyararrun kwamfutoci zuwa jami'o'in Afirka tare da horar da masu kula da su, kuma shi ya samar da eGranary, taskar miliyoyin takardu da ake karantawa ba tare da intanet ba.

Gobarar babbar kasuwar Taminus a Fabrairun 2002 ta watsa 'yan kasuwa zuwa gefen tituna, a daidai lokacin da wayar salula, wadda ta shigo a 2001, ta fara janye matasa zuwa gyaranta. Laftof ta biyo baya ta rage masu son babban akwati. Sana'ar dai ba ta mutu ba. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, kowace cibiya na buƙatar ɗaruruwan injina su tashi lokaci guda da sassafe, kuma masu haɗa bidiyo da waƙa har yau sun fi son inji haɗin hannu. Sai dai yawancin sababbin akwatuna ba sa zuwa da 'yar lasifikar tsuwa. Madabod masu ɗan tsada ƙananan fitilu huɗu ke gare su, na furosesa da ram da hoto da faifai, kuma wadda ta tsaya a kunne ita ɗan koyo ke fara bi.