ALIF DA "A": KAN SA NE ASALINSU

'Yan uwa ɗalibai, kun san cewa "A" da muke rubutawa a lacca a UNIMAID da alif ɗin da almajiri ke rubutawa a allo kakansu ɗaya? Kuma kakan nan hoto ne.

Fiye da shekara 5,000 da suka wuce Misirawa suka fara rubutu da hotuna: tsuntsu, ido, ruwa. Wani hoton yana nufin abin da aka zana, wani kuma sauti kawai yake ɗauka. Wajen shekara 1800 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wasu masu yare dangin Larabci suka ari kaɗan daga cikin hotunan, kowanne suka ba shi sautin farkon sunansa a yarensu. Kan sa, "alp", ya zama alif. Gida ya zama ba. Ruwa ya zama mim. Ido ya zama ain, kuma har gobe "ain" ido ne a Larabci. Daga Finikiyawa reshe ɗaya ya bi ta Girka da Rum ya zama boko, ɗayan ya bi ta Nabatawa ya zama Larabci da ajaminmu. Juya "A" kai ƙasa, ga ƙahonni nan.

To amma shi rubutun Misira fa? Na ƙarshe da aka sani an sassaƙa shi a 394 a tsibirin Fila. Daga nan masu karanta shi suka ƙare, bango cike da magana ba mai ji, sai a 1822 Bafaranshe Champollion ya warware shi da taimakon Dutsen Rashid da aka tono a 1799.

Nan ne abin ya shafe mu. Borno tana da nata salon rubutu, Barnawi. Akwai kwafin Alƙur'ani na 1669 mai bayani da tsohon Kanembu a tsakanin layuka, yaren da malaman Tarjumo suka gada. A gidaje da yawa a Maiduguri akwai takardun kakanni a cikin gafaka. Mu nawa ne za mu iya karanta su?

Rubutu ba ya mutuwa don tawada ta goge, sai in mai karanta shi ya ƙare. Wannan hutun, a samu alaramma a unguwa a zauna a koya.