Masu Shara da Girki a Asibitocin Birtaniya Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu

Kafin 1939, galibin matan da ke shara, wanki da girki a asibitocin Birtaniya a cikin asibitin suke kwana. Ana ba su ɗaki da abinci, sai ɗan albashin da bai taka kara ya karya ba. Metiron, wato babbar nas ɗin asibiti, ita ke da wuƙa da nama a kansu, har lokacin fita da na dawowa ita ke yankewa. Babu ma'aunin albashi na ƙasa baki ɗaya. Asibitocin da ke rayuwa da gudummawar masu hali suna biyan abin da aljihunsu ya iya, na ƙananan hukumomi kuma kowace da nata tsari.

Aikin kansa na karya ƙashi ne. Tun da asuba mace za ta durƙusa da bokiti da buroshi tana dirje daɓen ɗakin majinyata, ta ɗauko kwal ta hura murhun ɗumama ɗaki, ta kwashe kwanuka, ta kai zannuwan gado masu jini wurin wanki. A asibitocin tarin fuka akwai ƙarin haɗarin kofunan majina, waɗanda dole wani ya wanke su kullum. Da jiragen Jamus suka fara ruwan bama-bamai a Landan a Satumban 1940, har Asibitin St Thomas bai tsira ba, sai share fasassun gilasai da ƙurar gini ya hau kan sauran ayyukan.

Yaƙin ya ƙara yawan gadaje, domin gwamnati ta kafa tsarin asibitocin gaggawa a 1939, amma ya rage hannuwan da ke kula da su. Masana'antun makamai sun fi biya, kuma idan an tashi aiki babu mai tambayar mace inda za ta. Dokar Disamban 1941 ta sa aka fara kiran mata bautar ƙasa, a soja ko a masana'antu. Ba abin mamaki ba ne da 'yan mata suka ajiye tsintsiya suka tafi. Wa zai ga laifinsu? Nas-nas ɗin da aka horar don jinya suka koma shara da wanke-wanke, wasu ɗakunan jinya kuma aka rufe su, musamman a asibitocin tarin fuka da ke nesa da gari, a daidai lokacin da cutar ta sake ɗaga kai.

Sai da tura ta kai bango gwamnati ta motsa. A 1943 Ministan Ƙwadago Ernest Bevin, tsohon jagoran ƙungiyar ƙwadago, ya naɗa kwamiti ƙarƙashin Sir Hector Hetherington, shugaban Jami'ar Glasgow. Kwamitin ya fitar da rahotonsa a wannan shekarar, ya ba da shawarar mafi ƙarancin albashi da sharuɗɗan aiki ga waɗannan ma'aikata. Hujjar a fili take: gwamnati ba za ta iya tura mace aikin asibiti da ƙarfin doka ba, alhali ta bar albashinta a hannun mai asibiti. A shekarar ce kuma kwamitin Rushcliffe ya tsara albashin nas-nas. Abin takaici shi ne, aikin da tsaftar asibiti ta rataya a kansa bai samu farashi ba sai da masu yin sa suka gudu.

Sabon albashin bai toshe giɓin ma'aikata ba. An ci gaba da dogaro da matan Ayalan da matan aure masu zuwa aikin rabin yini. Bayan yaƙi, a 1946, aka ƙaddamar da shirin Balt Cygnet, wanda ya kwaso matan Latbiya, Lituweniya da Istoniya daga sansanonin 'yan gudun hijira a Jamus, aka tura yawancinsu asibitocin tarin fuka, inda 'yan ƙasa suka ƙi zuwa. Da aka kafa hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, ranar 5 ga Yulin 1948, albashin masu shara, girki da dako ya koma hannun majalisar sasantawa ta Whitley, inda wakilan ƙungiyoyin ƙwadago irin su NUPE da COHSE ke zama da hukuma su daidaita shi ga ƙasar baki ɗaya.