Daga Goro Zuwa WhatsApp

Lokacin da muka fara haɗuwa, in ɗayarmu ta haihu, yara ake aikawa gida-gida da goro da alawa, su ce ranar kaza suna. Rasuwa kuwa a sanarwar rediyo muke ji. Mai ɗa a nesa sai ta kira ɗan makaranta ya rubuta mata wasiƙa, ko ta ɗauki murya a kaset ta ba matafiyi. A 2001 wayar salula ta shigo Najeriya, yau kuma kafin a wanke jariri hotonsa ya zaga WhatsApp. Amma fa 'yan'uwa, waya ba ta dafa wa mai jego ruwan wanka, ba ta taya mai takaba zaman wata huɗu da kwana goma. Wannan aikin namu ne har gobe.